Waken Valparaiso

Shekara goma sha ɗaya ina jan keken hawa dutse,
in kai mutane sama, in sauko da su bakin teku,
ban taɓa kunna murhun ɗakina ba.

Da rana, shagon Baldomero:
soyayyen kifi, dankali na iyo cikin mai,
gishiri kamar teku ta biyo ni har faranti.
Da dare, burodi da nama, a tsaye, ina kallon agogo.

Sai likita Ximena ta ɗaure min dantse,
ta dubi allo, ta dube ni, ta yi shiru.
Shirun nan ya fi faɗa ciwo.
Ta ce, "Eleuterio, jininka ya fi kekenka iya hawa."

Asabar na gangara kasuwa da tsohuwar jakar uwata,
baƙo a garin da aka yanke min cibiya.
Fresia mai kabewa ta ce in ƙwanƙwasa in saurara,
ta auno min wake da ɗanyar masara,
ta tsinko ɗoɗɗoya, ta ce wannan gyara ce.

Ran farko na ƙone albasa,
hayaƙi ya kori kyanwar maƙwabci daga taga.
Washegari wake ya ƙi nuna,
na tauna shi ƙaras-ƙaras ina huci.
An ce mai haƙuri yakan dafa dutse;
ni da ke zaune kan dutse, wake ya gagare ni!

A rana ta biyar kabewa ta narke,
masara ta ɗaure romo,
mai cokali ɗaya, gishiri ɗan tsunkule,
hannuna ya auna, ba hannun wani ba.
Na zauna. Na ci a zaune.
Jiragen ruwa na kunna fitilu can ƙasa,
ɗakin ya yi ƙamshin gidanmu na da,
har na juya in ga ko tana bakin ƙofa.

Wata uku ke nan. Bel ya nemi sabon huji,
matakala ta rage min gaba.

Jiya Baldomero ya tare ni da kwanona,
ya ce, "Aure ka yi ba mu sani ba?"
Na buɗe masa murfi, ya ɗanɗana,
ya yatsine fuska, ya ce, "Lami ne."
Ya sake kai cokali.