Shuɗin Murfi

Tun kafin Narvik fitilar ta kama,
ƙwaya ɗaya, ruwan ɗorawa, a allon gaba:
saura kilomita dubu,
in suka ƙare, inji ba zai sake tashi ba.

Halvard ya ja tsaki.
Ingunn ce ke karanta irin wannan saƙo,
tabarau a karan hanci,
ta ce, motar ma tana da ladabi,
ba ta mutuwa sai ta yi sallama.

A gidan mai ya sayi jarka, lita goma.
Ba dizal ba ne, ba mai ba ne,
ruwa ne da ɗan taki a ciki,
aikinsa wanke hayaƙi kafin ya fita salansa.
Murfi biyu maƙwabta: baƙi na dizal, shuɗi nasa.
Kuskure ɗaya, sai kuka a gareji.

Bara hannu huɗu ne:
ita da mazurari, shi da jarka,
suna gardama kan wa ke karkacewa.
Yau gwiwa ce ta tokare,
iska daga teku tana yankan kunne,
jarkar na ƙugi, tana shaƙewa, tana zuba.

Kaɗan ya ɗiga a takalminsa.
Kafin ya gama shan kofi
ya bushe, fari fat, kamar gishiri.

Bai goge ba.

Ya murza makulli, fitilar ta mutu.
A baya, kan gado, bargo biyu a ninke.
Ya sa giya, ya yi arewa,
bai bar wa duwatsu baƙin komai ba.