Masarar Inna Eulogia

Shekara tara na yi a Monterrey,
a kamfanin da ke ɗura garin miya a leda.
Inji na tofo fakiti, ni ina cafewa.
Hoton kaza a gaba, ga tumatir jawur,
amma ko gashin kaza ban taɓa gani a harabar ba.
A bayan ledar akwai sunaye ashirin da uku,
rubutu mitsi-mitsi kamar sawun kiyashi.
Na taɓa gwada karanta su da ƙarfi,
harshena ya sarƙe a na huɗu.

Da dare sai in tafasa ruwa, in yage guda,
in sha a tsaye, jingine da firji.
Ciki ya cika, yunwa na nan zaune
kamar baƙon da aka ba ruwa aka hana labari.

Ran da likita ya yanke wa Kawu Tiburcio
yatsun ƙafa biyu saboda ciwon sukari,
na hau mota, kwana da wuni,
har tsaunukan Oaxaca.
Tsarabata kwali guda na kayan kamfaninmu.
Inna ta karɓa hannu bibbiyu, ta yi godiya,
ta tura shi ƙarƙashin gado
inda take ajiye takalman da suka matse ta.

Rana na faɗuwa ta ɗora tukunyar ƙasa,
ta zuba masara, shuɗiya, irin da kakanta ya bari,
ta barbaɗa farar ƙasa ɗan kaɗan.
Da ta tafasa ta janye itacen.
Na ce, "Yanzu fa?"
Ta ce, "Crispina, bar ta ta kwana.
Masara ba ta son a tashe ta."

Kafin zakara ya yi na biyu
na ji dutsen niƙa yana magana.
Tana durƙushe, gwiwoyinta sun yi kanta,
tana tura ɗan dutse, tana janyowa.
Ta cura ƙullu, ta tafa shi tsakanin tafuka
har ya yi faɗi, ya yi sirara,
ta shimfiɗa a kan kasko.
Ya kumbura kamar mai jan numfashi.

Nawa ya yage sau uku.
Ta yi dariya har ta share ido da gefen zane.
"Hannunki mantuwa ya yi, bai mutu ba."

Baƙin wake na ɓararraka a gefe,
barkonon da ta gasa ya sa mu tari duka,
furen kabewa ta tsinko da raɓarsa.
Na ƙirga abin da ke cikin akushina:
masara, wake, gishiri, barkono, fure.
Hannu ɗaya ya ishe ni,
kuma kowanne na san gonar da ya fito
ban da gishirin.

Kawu ya dogaro sanda ya zauna a bakin ƙofa,
ya ce a aiki yaro ya sayo masa lemon kwalba.
Inna ta miƙa masa zoɓo, ba sukari.
Ya yamutsa fuska, ya yi guna-guni,
ya shanye, ya miƙo kofin.

Litinin zan koma. Kuɗin haya ba ya jira,
kuma ba ni da kwana guda da zan bai wa masara
sai ranar Lahadi.
Ta ƙulle mini mudu biyu a tsohon ɗankwali,
da farar ƙasa a ƙullin takarda.

Da na duƙa neman takalmina
na hango kwalin can ƙarƙashin gado.
Ɓeraye sun huda buhun masararta a wuri biyu.
Kwalina kuwa,
ko haƙori ba su sa masa ba.