Ganyen Magarya a Maiurno

Da safe nakan duba matashin kai
kafin in duba fuskar ɗiyata.
Ga su nan kwance, baƙaƙen zare,
kamar wani ya warware ɗinki cikin dare
bai tashe ni ba.

Tun watan da muka baro Umdurman
da katifa ɗaya, da tukunya biyu,
matajina yake ci, ba ya ƙoshi.
Abin da ya kwaso sai in dunƙule,
in cusa a tsagar katanga
kada tsuntsu ya kai sheƙa,
wai ciwon kai ke biyo baya.
Yanzu tsagar ta cika.

A da Suwaiba mai kitso sai ta huta sau biyu
kafin ta kai ƙeya,
tana mita: "Wannan kai ne ko gonar dawa?"
Ran Talata ta kama, ta saki,
ta ce, "Mu bari sai wani mako."
Ta ƙi duban idona.
Ko shayin da na zuba mata ba ta shanye ba.

Na tambayi kuɗin man wankin kai a kanti.
Kwalba ɗaya, gawayin sati biyu.
Na ajiye, na ce zan dawo.

Goggo Dudu ba ta ce komai ba.
Ta ɗau sanda, ta gangara bakin kogi,
ta dawo da ƙaya a gefen zane
da ganyen magarya cike da faifai.
Kwana uku yana shan inuwa.
Ta daka, ta tankaɗe,
ta jiƙa a ƙwarya da ɗan karkashi,
ta yi ta kaɗawa da yatsu huɗu
har kumfa ta tashi, koriya, mai yauƙi.

Ƙamshin ya doke ni, na ja da baya.
"Goggo, ba da wannan aka wanke Baba ba?"
Ta ce, "Da shi.
Ganye bai san mai rai da mamaci ba,
wanki kawai ya sani.
Sunkuya."

Na sunkuya.
Sanyi ya bi tsagar kaina ya sauka wuya.
Yatsunta na tafiya a hankali
kamar mai dashe a ƙasar da ruwa ya janye,
ba ƙarce, ba fizga.
Inda fata ta bayyana, nan ta fi daɗewa.
Na yi kukan da ban yi a mota ba,
ban yi a shingen sojoji ba,
ruwan tulu ya tafi da shi
ya shige gindin lemun tsami.

Da ta shafa min man riɗi da kanumfari
sai ta kai hannu ta zame ɗankwalinta.
Kai fes, kamar bayan ƙwarya.
Ban taɓa gani ba, ni da na girma a cinyarta.
"Tun haihuwar Jibo," in ji ta,
"shekara talatin da wani abu.
Wa ya fasa gaishe ni?
Wa ya ce miyata ba ta yi daɗi ba?"
Ta yi dariya har haƙorinta na ƙarshe ya fito,
ta mayar da ɗauri, ta karkata shi gefe.

Juma'a bakwai ke nan muna yi.
Ban ce ya daina zuba ba.
Yana zuba, sai dai na daina ƙirgawa.
Rauda ta shafa gefen goshina shekaranjiya,
ta ce akwai wani abu mai laushi,
kamar bayan ɗan tsako.
Ƙila da gaske ne. Ƙila tausayi ne.
Ban nemi madubi ba.

Jiya bayan la'asar
wata 'yar tsuntsuwa ta sauka kan katanga,
ta ja zare ɗaya daga tsagar,
ta dube ni.
Ina riƙe da muciya.
Ban kore ta ba.