Manzo Na Biyu

A shataletalen Ƙofar Ƙaura
wata tifa ta shafi gefen zanena.
Saura ƙiris. Ta wuce. Na tsira.

Amma har la'asar sakaliya
yatsuna sanyi ƙalau,
na kasa zura zare a allura.

Rumasa'u, mai karatun likita,
ta kama hannuna ta murza.
Ta ce, "Inna, jijiya ce ta yi aike.
In tsoro ya buga, manzo biyu take turawa.
Na farko ɗan gaggawa ne,
ya ce wa hanyoyin jini ku tsuke,
ya juya, ya ɓace.
Na biyun ba ya fita sai abu ya yi tsanani.
Tafiyar hawainiya gare shi,
in ya isa kuwa
sai ya shimfiɗa buzu a bakin ƙofa,
ya riƙe sakata."

Na ce, to wa zai gaya masa
motar nan ta kai Caranci?

Ta yi dariya, ta haɗo min shayi.
Na rungume kofin da tafuka biyu
ina lallashin baƙon da ke jikina:
tashi haka nan, malam,
jini na son komawa gida.