Daren da Uwar Garke Ta Yi Shiru

Ƙarfe biyu saura kwata na dare
waya ta yi ƙara a ƙarƙashin matashi.
Sista Rifkatu ce, daga ɗakin gwajin jini:
"Bappayo, taso. Ta sake ɗaukewa.
Sakamakon mutum goma sha ɗaya na cikinta,
har da na yaron da ake jira a ƙara wa jini."

Na tura babur daga Bolari har bakin kwalta
don kada in tashi maƙwabta.
Jekadafari na barci, sai mai shayi ɗaya
yana ɗauraye kofuna da ragowar ruwan zafi.

Ɗakin uwar garke bai fi akurki ba.
Fanka na juyawa, koriyar fitila na ci,
ga numfashi, babu magana.
Allo baƙi ƙirin, ɗan farin layi a kusurwa
yana ƙifta ido kamar yaron da aka tambaya,
ya san amsa, ya ƙi faɗa.

Mahaifina agogo yake gyarawa
a bakin tsohuwar kasuwa, ƙarƙashin rumfar kwano.
Ba ya ɗaukar sukuddireba sai ya kara agogo a kunne.
Yakan ce, mai gaggawar buɗe ciki
shi ke rufewa da sauran kusa a hannu.

Don haka ban kashe ta ba tukuna.
Na duba wayar wuta, tana zaune daram.
Na dafa bayan akwatin, ɗumi ne, ba zazzaɓi ba.
Na shiga ta ƙaramar ƙofa,
inda manhaja ke tashi ba ado ba kwalliya,
na tambayi rumbun ajiya, me ya rage?
Ya ce ko ƙwayar gero ba ta da wurin zama.

To wa ya cika ki?
Ba hotunan biki ba ne, na bincika.
Ba ƙwayar cuta ba ce, na tace.
Littafin da take rubuta damuwarta ne ya kumbura.
Na buɗe, layi ɗaya ne tal,
an maimaita shi sau miliyan tara da ɗoriya:
na kira firinta, ba ta amsa ba,
na kira firinta, ba ta amsa ba.

Wata uku da rabi tana kira,
kowace daƙiƙa,
ba wanda ya leƙa.

Na bi wayar firinta da tocila a baki,
bayan kabad, ƙarƙashin tebur,
na tarar da kanta yashe cikin saƙar gizo,
a gurbinta an soka butar lantarki.
Rifkatu ta kama haɓa:
"Ta Malam Gidado ce. Ya ce ai tsohuwar firinta ta mutu."

Na share kukan, na bar layi ɗari don shaida.
Na yanka mata mudu: in ƙorafi ya cika shi, ta zubar da tsohon.
Na cire sunan firinta daga jerin waɗanda take jira,
sannan na ce bismillah, na sake tada ta.

Daƙiƙa arba'in ɗin nan sun fi hanyar Dukku tsawo.
Rifkatu na addu'a da Tangale, ni da Fulatanci.
Sai allo ya washe, sunaye suka jero.
Ta kwafi rukunin jinin yaron a bayan hannu da biro,
ta fita a guje, ko ƙofa ba ta ja ba.

Na zauna kan kwalin takardu, ni da ƙarar fanka.
Na ciro waya in duba lokaci.
Kira uku da ban ɗaga ba,
tun ranar Juma'a,
duk daga Inna.

Uku da rabi. Yanzu tana barci.
Na sa ƙararrawa ta tashe ni da asuba,
na kunna butar Malam Gidado a wani soket daban.