Kafin Hadarin Ya Iso Bulanguwa

Tun hantsi rediyon Malam Ilu yake tari,
ya fara da Faransanci, ya koma Larabcin Shuwa,
mu dai kalma uku muka tsinta:
iska, ruwa, daren yau.
Amma tururuwa ta riga rediyo ji,
tun shekaranjiya take kwasar ƙwanta zuwa kan katanga.

Baba Mairiga ya kafa kara a bakin Shari,
ya tsattsaga jikinsa da wuƙa.
Da asuba tsaga biyu ruwa ya ci.
Yanzu la'asar sakaliya, yana lasar ta biyar.

Ni kuwa banda ce da ni a kan wuta,
tarwaɗa kwali shida, ba ta gama shan hayaƙi ba.
In na sauke, ta ruɓe.
In na bari, ta koma gidansu.
Kuɗin mutane ne, jaka arba'in na Hajja Kaltume,
ita kuwa ba ta san wani abu wai shi hadari ba,
ranar kasuwa kawai ta sani.

Maza sun ja kwalekwale zuwa tudu,
sun kife su kamar ƙoren da aka gama cin tuwo.
Taru a naɗe, gura a jere,
injuna an cire an lulluɓe da leda.
Yara na ɗora tsofaffin tayoyi a kan kwanon ɗaki,
suna ta dariya, su biki suke gani.

Shekara biyu ni da Lantana ba ma ga-maciji,
kan wata akuya da ta cinye mini shanya.
Yau ita ke riƙe bakin buhu, ni ke zuba yashi.
Ba mu gaisa ba.
A buhu na goma sha tara ta ce, "Ɗaure da kyau."
Na ɗaure da kyau.

Takardun haihuwa, katin asibiti, hoton marigayi,
duk na cusa a bokiti mai murfi.
Bulama ya ce mata da yara a nufi makarantar boko, ta fi tudu.
Iya Dudu ta ce ba inda za ta,
ruwan nan ya san sunanta tun tana tsirara.
A amalanke aka ɗauke ta,
tana zagin jikoki ɗaya bayan ɗaya
har da waɗanda ba a haifa ba.

Saura Talle.
Kwana uku ke nan da ya nufi tsibiran Darak da mamarinsa.
In na kira, wata mata ce ke amsawa,
tana ba ni haƙuri da Faransanci.
A jerin jiragen da aka kife akwai giɓi
kamar bakin yaro mai famfara.
Wani ya jawo nasa zai sa, na ce a'a,
wurin da mai shi.

Gabas ta haɗe rai.
Balbelu sun yi sahu sun wuce.
Ruwa ya kwanta lif, irin shirun mai ƙulla faɗa,
ko ganyen darbejiya ba ya motsi.
Ladan ya kira magariba yana haɗiye rabin kalmomi.

Na sauke bandar da sauran danshi,
Allah Ya sanyaya zuciyar Hajja.
Na rataye tuwon Talle a ragaya, a rufe.
Na kunna tocila, na ɗaure a kan karan Baba Mairiga,
fuskarta ga ruwa.
Tsaga ta shida ta nutse.

Iskar farko ta iso da sanyi,
da ƙanshin ƙasar wani gari,
ta ɗaga gefen kwano, ta leƙa, ta ajiye.
Can nesa wani ƙugi,
ko inji ne, ko tsawa ce take gyaran murya.

Lantana ta zo ta tsaya kusa da ni,
ta ture ɗankwali ta kasa kunne.
"Inji ne," in ji ta.
Ban tambaye ta ko ta tabbata ba.