Samaniyar Aro

A Hull, hawa na uku, saman shagon mai soya kifi,
sana'ata cire wa gidaje sama.

Da sassafe dillalai ke turo hotuna.
Misis Pickersgill takan rubuta a ƙasa:
toka ta yi yawa, a sa shuɗi kafin azahar.
Sai in bi bakin rufi, in bi bututun hayaƙi,
in bi rassan bishiya ɗaya bayan ɗaya
kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa.
Wayar lantarki ce ke ba ni wahala,
da tsuntsun teku, mai ratsawa inda ba a gayyace shi ba.

Samaniya ɗari biyu da sha huɗu gare ni a ajiye.
Yawancinsu saye na yi.
Ta tamanin da bakwai kuwa tawa ce,
a bakin kogi na ɗauke ta, a Yawuri,
ranar da muka raka Kubura kwalekwale.
Ta hau gidaje sha ɗaya a garin nan,
an sayar da tara.
Ba wanda ya tambayi me ya sa gajimaren ya yi tsayi haka.

Aikin yana da doka.
Inuwa sai ta guji rana,
in ka bar su gefe guda, asirinka ya tonu.
Ka duba gilashin taga, ka duba kududdufin bakin titi,
ruwa bai iya rufa asiri ba:
tsohuwar sama tana nan kwance a cikinsa.

Jiya Kawu Ɗanlami ya turo hoton gonarsa.
Gero ya kai gwiwa ya tsaya, ganye ya nannaɗe.
Sama shuɗiya fes,
irin wadda Pickersgill ke biyan fam huɗu a kanta.
Ya ce, an ce kana haɗa hadari da na'ura.
Yi mini ɗaya, ko kallo in yi.

Na buɗe kwandon sharar kwamfuta.
Duk tokar da na kankare wata uku tana ciki.
Na zaɓi wadda ta fi baƙi, ta wani gida kusa da tashar jiragen ruwa,
na girke ta a gabas,
na rage wa ganye haske,
na goge inuwar kawu daga kan kunya.

Sai bayan isha'i ya amsa.
Ya haɗu, in ji shi, har da gangami.
Ƙamshin ne kawai ba ka sa ba.

A nan, ruwa na dukan taga,
yau kwana shida ke nan.